Gidan da hayaƙi ke bi ta ƙarƙashin ɗaki: yadda mutanen Koriya suka yi da sanyi

Duk shekara in hunturu ya kankama, wato wajen ƙarshen Disamba zuwa Janairu lokacin da jaura ke kaɗawa leɓe na tsagewa ƙafa na faso, abin da yake fara faɗo min a rai shi ne gadon kakata. Gadon ƙasa ne, irin wanda ake ginawa da laka a jikin bango, da ɗan rami a ƙasansa kamar bakin tanderu. In an sauke tuwon dare sai ta ɗebo garwashi a kasko ta juye a ramin, ta ɗan yayyafa toka a kai don kar ya cinye da wuri, kafin a idar da isha'i gadon ya ɗau ɗumi, mu jikoki muna ta rige-rigen wanda zai samu tsakiya don nan ne ya fi zafi. Na daɗe ina ɗauka wannan dabarar tamu ce mu kaɗai, ashe akwai ƙasar da ba gado kawai ba, ɗakin gaba ɗayansa haka ake gina shi, daɓen da kake takawa shi ne gadon, kuma sun yi ɗaruruwan shekaru a haka har abin ya shiga cikin yadda suke zama da cin abinci da girmama manya. Ƙasar Koriya nake nufi, abin kuma sunansa ondol.

Sai ka fara sanin irin sanyin da ake magana a kai kafin ka gane dalilin wahalar. Mu nan in ma'auni ya sauko digiri 10 ko 12 da asuba a Kano ko Zinder sai gari ya rikice, yara su ƙi wanka, kowa ya naɗe da bargo. To a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, matsakaicin watan Janairu gaba ɗaya yana ƙasa da sifiri ne, wato ruwa a waje ƙanƙara yake zama, kuma akwai dararen da yake sauka digiri 10 ƙasa da sifiri ko fiye. Can arewa kusa da iyakar Sin abin ya fi haka muni nesa ba kusa ba, a garin Chunggang an taɓa auna digiri 43 ƙasa da sifiri a 1933. Iskar daga Saiberiya take busowa, busasshiya ce kamar hunturunmu amma mai kisa. A irin wannan wurin ɗumama ɗaki ba jin daɗi ba ne, wanda ya kwana ba wuta yana iya wayar gari gawa.

Matsalar da duk mutanen ƙasashen sanyi suka yi fama da ita guda ce, wuta tana zuwa da abu biyu a haɗe, zafi da hayaƙi, kana son ɗaya baka son ɗaya. In ka hura wuta tsakiyar ɗaki ka samu ɗumi amma ido na hawaye ƙirji na tari rufi ya yi baƙi ƙirin, duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin da ake girki ya san wannan. In kuma ka yi wa hayaƙin hanya ya fice ta sama kai tsaye kamar yadda Turawan Ingila suka yi da murhunsu na jikin bango, to mafi yawan zafin ya bi hayaƙin ya tafi, gabanka na gasuwa bayanka na daskarewa. Abin da mutanen Koriya suka yi shi ne suka ce hayaƙin nan ba zai shigo ɗaki ba, kuma ba zai fita ba sai ya yi mana aiki tukuna.

Ga yadda ginin yake. Kicin yana manne da ɗakin kwana, bango ɗaya ne tsakaninsu, amma ƙasan kicin ɗin an haƙa shi ya yi zurfi, ya fi daɓen ɗakin ƙasa sosai, sai ka sauka 'yan matakala ka shiga. A jikin wannan bangon ake yin bakin wuta, suna ce masa agungi, a samansa an gina wani dandamali na laka da aka dasa manyan tukwanen ƙarfe a ciki, nan ake dafa shinkafa da miya da ruwan zafi. Wutar da ke ci a ƙarƙashin tukunya, harshenta da hayaƙinta basu da hanyar fita ta kicin, sai dai su kutsa ta wani ɗan tudu da aka yi a bayan murhun su faɗa cikin wasu dogayen hanyoyi da aka jera a ƙarƙashin ɗakin kamar kunyoyin gona, sunansu gorae. Wannan ɗan tudun yana da amfani biyu, yana matse hanya wutar ta ƙara gudu, yana kuma tare toka kar ta bi ta cika hanyoyin. A kan kunyoyin nan ake shimfiɗa fala-falan duwatsu, masu kauri ta wajen wuta don kar zafi ya yi yawa ya ƙona mutum, marasa kauri ta can nesa don ɗan zafin da ya isa can ya samu ratsowa, ka ga lissafi kenan ba wai jera dutse kawai ba. Sai a toshe duk wata kafa da ƙananan duwatsu da laka, a yi yaɓe a daddaɓe, a hura wuta ya bushe, in ya tsage a sake shafewa, sannan a bi da takarda mai kauri irin tasu ta gargajiya a shafe ta da niƙaƙƙen waken suya haɗe da mai, sai ta koma ruwan zuma tana sheƙi, ruwa baya ratsa ta. A can ƙarshen ɗakin kuma akwai wani rami mai zurfi da hayaƙin yake faɗawa ya ɗan tsaya, ya sauke sauran toka da danshi, ya hana iskar waje turo shi baya, daga nan sai ya bi bututu ya fita a bayan gida, lokacin ya riga ya huce.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne wuta ɗaya aiki biyu. Iccen da aka dafa abincin dare da shi shi ne ya ɗumama ɗakin kwana, dutse da laka kuma suna riƙe zafi su dinga sakinsa a hankali har asuba bayan wutar ta daɗe da mutuwa, da safe girkin kalaci ya sake cika su. Ɗakin da babu kicin a jikinsa ana yi masa nasa bakin wutar daga waje, a hura don ɗumi kawai. Hayaƙin ma da yake ratsa ƙarƙashin gida yana busar da danshi yana korar ƙwari da ɓeraye. Rumawa sun yi makamancin wannan a gidajen wankansu da gidajen masu kuɗi, amma da daularsu ta rushe abin ya kusa ɓacewa a Turai. Mutanen arewacin Sin suna da nasu har yau, kang, shi dandamali ne da ya ci wani sashe na ɗaki, wanda ya fi kama da gadon kakata. Na Koriya ne ya mamaye ɗakin bango zuwa bango.

Ba da haka aka fara ba amma. Masu tonon kayan tarihi sun samu burbushin irin wannan gini a arewacin zirin Koriya da yankunan da yau suke cikin Sin da gabashin Rasha tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma a lokacin hanya ɗaya ce ko biyu da take bin gefen bango ta lanƙwasa, mutum ya zauna a kai ko ya kwanta, sauran ɗakin ƙasa ce a taka da takalmi. Marubutan tarihin daular Tang ta Sin sun rubuta cewa talakawan Goguryeo, wata tsohuwar masarautar Koriya, in sanyi ya zo suna yin dogon rami su hura wuta a ƙarƙashi su ji ɗumi. Lura da kalmar, talakawa. Abin na marasa hali ne, masu mulki da masu dukiya suna kan gadaje da kujeru, da labulai masu kauri da kaskon garwashi da kayan fata. Sai a zamanin daular Goryeo, wato tsakanin 918 da 1392, aka fara samun ɗakin da aka shimfiɗe shi duka, kuma ko a farkon daular Joseon da ta biyo baya manyan gidaje ɗaki ɗaya ko biyu suke yi wa ondol, na tsoho ko mara lafiya. Wajen ƙarni na 17, lokacin da duniya ta shiga wani zamani na tsananin sanyi, shi ne abin ya game ko'ina, daga fadar sarki har bukkar manomi, daga arewa har kudu. Ba kasafai ake ganin haka ba, yawanci talaka ne yake kwaikwayon sarki, nan kuwa sanyi ya sa sarki ya sauko ya kwanta yadda talaka yake kwanciya. Har a fadar Gyeongbokgung da ke Seoul akwai bututun hayaƙi da aka gina da jan bulo aka yi musu zanen furanni da tsuntsaye da barewa, an janye su can cikin lambu nesa da ɗakunan, hayaƙin yana bin ƙarƙashin ƙasa ya je can, yau suna cikin kayan tarihin da hukuma ke karewa.

To da zafi ya koma ƙasa sai rayuwa ma ta koma ƙasa. Wa zai hau kujera ya bar ɗumi a ƙarƙashinsa? Aka ajiye gado da kujera, aka koma zama a daɓe ana naɗe ƙafa, teburin cin abinci ya zama ɗan guntu mai gajerun ƙafafu da ake ɗaukowa daga kicin da abincin a kai in an gama a fitar, shimfiɗa ta zama siririyar katifa da zafi zai iya ratsawa da bargo mai kauri a sama da zai tare shi, da safe a naɗe a ajiye, ɗaki ɗaya ya zama na kwana da na cin abinci da na baƙi. Takalmi kuwa a bakin ƙofa yake tsayawa, don inda kake takawa nan zaka sa fuskarka da dare, wannan kam mu ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Gidajen ma suka zama marasa bene, don ba ka iya ɗora tarin dutse da wuta a kan bene na katako. Kuma da yake damina a can zafi ne da gumi, sai suka haɗa da wani fili mai daɓen katako a tsakiyar gida da iska ke ratsawa ta ƙasansa, a koma can in zafi ya zo.

Wajen da na fi so a duk labarin nan shi ne maganar araetmok. Tunda wutar daga gefe ɗaya take shigowa, ɗakin ba ya yin zafi daidai, gefen da ke kusa da murhu ya fi ɗumi, har takardar wajen takan yi baƙi-baƙi don ƙuna, shi ne araetmok, can nesa wajen bututu kuma da sanyi-sanyi. Wannan bambancin sai ya zama ma'aunin girma a gida. Wajen ɗumi na kaka ne da kakanni, in baƙo mai daraja ya shigo maigida ya tashi ya ce bismillah matso nan, yaro ko ƙaramin gida ya san wajensa ba sai an faɗa masa ba. Mara lafiya nan ake kwantar da shi. In maigida ya yi dare bai dawo ba, uwargida ta zuba masa shinkafarsa a kwanon ƙarfe mai murfi ta tura ƙarƙashin bargo a wajen, ya dawo ya tarar da zafinta, yara kuma a yi ta yi musu kashedi kar su shure kwanon da ƙafa. Nan ake ajiye waken da ake so ya ruɓa ya zama kayan miya, kusan yadda ake rufe kalwa in za a yi daddawa. Yaro ya dawo daga makaranta hannu ya ƙage, abin da uwa zata fara yi shi ne ta kama hannun ta cusa ƙarƙashin shimfiɗa. Suna da wata magana da suke yi in mutum ya samu kwanciyar hankali, wai bayansa da ɗumi cikinsa a ƙoshe, iyakar buri kenan.

Mai jego ma nan ne wajenta. A al'adarsu mace in ta haihu tana yin kwana 21 a ɗaki mai zafi, ba ta taɓa ruwan sanyi ba ta shan iska, ana ta ba ta miyar wani ganyen teku. Da na karanta wannan sai da na yi shiru, don kusan tunani ɗaya ne da namu na kwana arba'in da wankan jego da kunun kanwa da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, wai kar sanyi ya shige ta. Mutane biyu da basu taɓa haɗuwa ba sun tsaya a kan abu ɗaya. Sai dai mu namu akwai gyara a ciki kuma gara a faɗa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a wajen mata bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin wankan da na gadon, musamman in haihuwar ta faɗo lokacin bazara. Su can sanyi na gaske suke gudu, mu wani lokacin a watan Afrilu ake gasa baiwar Allah.

Wutar kanta tana da nata ladubban. Kafin ashana ta wadata, garwashin gida ba a bari ya mutu, ana binne shi a toka a kasko ya kwana, kuma nauyin a kan matar ɗa yake, wato sabuwar amaryar da aka kawo gidan, in ta bari ya mutu har ta je ɗebo wuta maƙwabta abin kunya ne babba, ana ganin kamar arzikin gidan ne ya mutu. In za a tashi daga gida zuwa wani, da garwashin ake tafiya. Daga nan ne al'adar kai ashana da kyandir in mutum ya tare a sabon gida ta samo asali, yanzu sun koma kai omo da takardar banɗaki. A addininsu na gargajiya sun ɗauka akwai wani abin bauta da ke zaune a murhu, mata kan ajiye masa ruwa a ƙaramin kwano kullum da asuba, kuma ba a zama a kan dandamalin murhu ba a zage-zage a gabansa. Suna da karin magana wai hayaƙi zai fito daga bututun da ba a hura wa wuta ba? Mu sai mu ce ruwa ba ya tsami banza.

Amma fa akwai wanda ya biya kuɗin wannan ɗumin, kuma wannan ne ɓangaren da masu yabon ondol suke yawan tsallakewa. Na farko matan gida da bayi. Wanda yake kwance a wajen ɗumi ba shi ne yake durƙushe a ramin kicin da asuba cikin ƙanƙara yana tura kirare ba, kuma kicin ɗin da aka haƙa ƙasa yana nufin mace ta yi ta hawa da sauka da tebur ɗauke da kwanuka sau uku a rana, ta yi girki a sunkuye shekara da shekaru har baya ya lanƙwashe. Na biyu daji. Ondol cin icce gare shi, kuma da kowane gida ya koma yinsa, ɗaki biyu ɗaki uku, sai duwatsun da ke kewaye da garuruwa suka fara zama tsirara, in icce ya ƙare a kwashe ganye da ciyawa har saiwa a tono, ruwan sama ya zo ya wanke ƙasar ya cika koguna da yashi. Baƙin da suka shiga ƙasar a ƙarshen ƙarni na 19 sun yi ta maganar jajayen duwatsu marasa bishiya a kewayen Seoul da shanu ɗauke da kayan icce suna shiga gari. Mulkin mallakar Japan daga 1910 zuwa 1945 ya ƙara sare dajin, yaƙin 1950 zuwa 1953 ya ƙarasa abin da ya rage. Duk wanda ya ga yadda motocin icce da buhunan gawayi suke shigowa garuruwanmu kullum daga dazukan da suke ƙara nisa ya san wannan labarin, ba sai an fassara masa ba.

Abin da ya maye gurbin icce a Koriya ta Kudu bayan yaƙi shi ne yeontan. Garin kwal ne ake kwaɓawa da ɗan yumɓu a matse shi ya zama dunƙule kamar ƙaramin turmi, nauyinsa kilo uku da rabi ko ɗan fiye, da ramuka a tsaye daga sama zuwa ƙasa, mafi shahara mai rami 19 da mai rami 22. Ana ɗora ɗaya kan ɗaya a murhu, na ƙasa mai ci na sama sabo, dole a daidaita ramukan su haɗu don iska ta ratsa, yana ci a hankali sa'o'i masu yawa, sai a zo a cire na ƙasa da ya zama farar toka da wani dogon ƙarfe mai baki biyu a sa sabo. Sau biyu ko uku a rana, ɗaya kuma yakan faɗo tsakar dare, uwa ce dai zata tashi ta fita cikin sanyin nan tana kau da fuska don warin. Gidan da ya tara ɗaruruwan yeontan a rumbu kafin sanyi ya shigo, ya kuma haɗa kimchi na shekara, wato kabeji ko wasu kayan lambu da suke sa wa gishiri su ajiye su yi tsami, to hankalinsa ya kwanta. Zuwa 1988, shekarar da Seoul ta karɓi wasannin Olamfik, kusan gida takwas cikin goma da shi suke amfani. Kuma gaskiya ya ceci dajin, don shirin dashen bishiyoyi na shekara goma da gwamnatin shugaba Park Chung-hee ta fara a 1973 ba zai je ko'ina ba in da mutane basu da abin hurawa, ka hana mutum sare icce alhali 'ya'yansa na rawar ɗari ai ka san ba zai ji ba. Yau duwatsun ƙasar kore ne shar.

Sai dai dajin ya tsira mutane suka fara mutuwa. Nan ne ya kamata a tsaya a fahimci dalili, don ginin bai canza ba, makamashin ne ya canza. Icce yana ci da ƙarfi na awa ɗaya ko biyu da yamma, zafinsa yana jan hayaƙi ya fice da gudu, kafin a kwanta wuta ta mutu, in ma daɓe ya tsage hayaƙin icce yana da wari yana sa hawaye, nan take za a gane a toshe. Shi kuwa yeontan kwana yake yana ci a hankali, ba shi da wani hayaƙi da ido zai gani, jan iskarsa ba ƙarfi, kuma yana fitar da gubar nan da ake kira kabon monoksaid wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana taruwa a hanyoyin ƙarƙashin ɗaki, ta samu 'yar tsaga a daɓe ko a kusurwar bango ko ta ƙasan ƙofar kicin, ta sulalo daidai inda mutane suka sa kansu, tunda a ƙasa ake kwana. In ta shiga jini tana kama shi fiye da iskar da muke shaƙa sau ɗari biyu da wani abu, mutum yana barci ba zai farka ba balle ya nemi ƙofa. A shekarun 1960 da 1970 duk lokacin sanyi jaridu cike suke da labarin iyali guda an wayi gari babu su, ɗalibai a ɗakin haya, 'yan ƙauye da suka zo birni aikin masana'anta. Wanda aka samu da sauran numfashi a ja shi waje a ɗura masa ruwan tsamin wani kimchi na farin tushe, wai shi ne magani, alhali iskar wajen ce take taimakonsa, asibitoci kuma suka shiga sayen na'urar da ake sa mutum a ciki a matsa masa iskar oksijin.

Wannan gubar ita ce dai take cikin kaskon gawayin da muke shiga da shi ɗaki mu rufe ƙofa da taga mu toshe kafa da tsumma. Ina yaro an yi a unguwarmu, wata mata da 'ya'yanta biyu, da safe aka ga har rana ta fito basu buɗe ƙofa ba, da aka ɓalle aka same su a galabaice, ƙaramin yana ta amai, uwar ba ta iya ɗaga kai, kaskon na gefe ya zama toka. Allah ya yi da sauran kwana duka suka tashi, amma ranar abin da manya suke ta faɗa shi ne iska ce ta shafe su, aka yi ta hayaƙi da tofi, ba wanda ya kalli kaskon. Sai da na girma na gane abin da ya faru, kuma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, don ɗakin kakata ma garwashi ne a ciki, abin da ya cece mu rufin ciyawa ne da ƙofar asabari da iska ke shiga ta ko'ina. Ɗakunan yanzu na siminti da silin da tagar gilas ba su da wannan sassaucin, ko gawayi ne ko janareta a baranda.

Yadda Koriya ta fita daga wannan shi ne ta raba wutar da ɗakin gaba ɗaya. Maimakon hayaƙi ya bi ƙarƙashin daɓe, sai aka shimfiɗa bututun ruwa a lanƙwashe a zuba siminti a kai, wuta tana can waje tana dafa ruwa a tukunyar ƙarfe, ruwan zafin ne yake zagayawa ya dawo. Da farko da yeontan ɗin ake dafa ruwan, daga baya aka koma mai, sannan gas. Lokacin da aka fara gina dogayen benaye a Seoul an gwada sa musu irin abin ɗumama ɗaki na Turawa, ƙarfen da ake kafawa a jikin bango, mutane basu so ba, ɗaki da ɗumi amma ƙasa da sanyi su a wajensu ba gida ba ne, dole magina suka koma sa bututu a daɓe, yau ko a hawa na talatin kake ƙasan ɗakinka da ɗumi, da ɗan maɓalli a bango. Wani shahararren mai zanen gine-gine na Amurka, Frank Lloyd Wright, ya taɓa shiga wani ɗaki irin na Koriya a gidan wani attajiri a Tokyo, ya ji ɗumi bai ga wuta ba, ya koma ya sa bututun zafi a daɓen wani gida da ya gina a jihar Wisconsin a 1937. A 2018 gwamnatin Koriya ta Kudu ta sa al'adar ondol cikin jerin al'adun ƙasa da ake karewa.

Abu ɗaya ya ɓace a hanya, araetmok. Bututun ruwa zafinsa daidai yake ko'ina, babu gefen manya babu gefen yara, kowa ma ya samu ɗakinsa, shinkafar maigida tana cikin tukunyar lantarki. Tsofaffi suna kewarsa, shi ya sa wasu in sun yi ritaya suke komawa ƙauye su nemo maginin da ya iya jera dutsen, waɗanda suka rage ba yawa, ya gina musu ɗaki ɗaya na icce. A Koriya ta Arewa kuwa ba kewa ba ce, har yau gidaje da yawa icce da kwal suke hurawa a agungi, duwatsunsu da yawa a tsirara. Ko a Kudun ma yeontan bai ƙare ba, akwai unguwannin talakawa a kan tuddai, yawanci tsofaffi masu zaman kansu, inda mota ba ta iya hawa lungun, duk farkon sanyi zaka ga 'yan sa kai sun yi dogon layi da baƙaƙen safar hannu suna miƙa wa juna dunƙulen ɗaya bayan ɗaya har ƙofar gida. In ya gama ci tsohuwa ta fito da farar tokar ta farfasa a kan gangaren da ya yi ƙanƙara don kar mai wucewa ya zame.